Bawan Wa?

Da asubar wata Talata aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu da ke Sabon Gari, nan cikin Maraɗi. Goro da dabino na cikin faranti, rago na ɗaure a gindin dogon yaro, wanzami ya ajiye zabirarsa yana jira. Liman ya miƙo kunne, ƙanena ya durƙusa ya raɗa masa sunan. Malam ya ɗago kai ya dube shi.

"Bawa? Bawan wa?"

"Bawan Allah, Allah gafarta Malam."

Liman ya ɗan yi shiru, ya ce to madalla, ya juya ga jama'a ya ce sunan yaro Abdullahi. Kafin ƙanena ya haɗiye yawu maroƙi ya cafe sunan ya shige da shi cikin gida, guɗa ta tashi, wuƙa ta hau wuyan rago. Ƙanen mahaifinmu, wanda muke kira Baba tun da namu ya rasu, ya shafa addu'a yana murmushin wanda ya tsinci dami a kala.

Shekara biyu ke nan, kuma har yau in dangi sun haɗu wajen biki ko gaisuwa sai zancen ya taso. Wasu su ce liman ya ceci yaro, wasu su ce ya yi wa uba fashin haƙƙinsa a bainar jama'a. Ni ne aka mayar ɗan aike a wancan mako, ina fita wannan ɗaki ina shiga wancan, saboda haka na ji hujjar kowa har na haddace. Babu ɓangaren da ya yi zancen banza, shi ya sa na ga ya kamata a baje ta a faifai.

Bawa sunan kakanmu ne, mahaifin mahaifinmu, Bagobiri mutumin Tibiri da ya shigo Maraɗi zamanin cinikin gyaɗa ya kafa gidan da muke ciki. Sunan mahaifinmu an riga an maimaita shi sau uku cikin jikoki, don haka babu mai cewa an tsallake shi. Na kaka kuwa, duk yawan zuri'arsa babu ko ɗaya. Muna da Ammar, muna da Affan har biyu, akwai Fahad, akwai Sudais, akwai Sultan. Ƙanena malamin makaranta ne, mushe in ji yaransa, kuma ya ce shekara da shekaru yana kiran suna a aji cike maƙil, bai taɓa kiran Tanko ko Nomau ko Barmo a matsayin sunan ɗalibi ba. In sun fito, a gurbin sunan uba suke fitowa, nan gaba kaɗan kuma ko a nan ba za a gan su ba.

Garin kansa ya kafa hujja da shi. A 1945 ruwan Gulbi ya cinye tsohuwar Maraɗi, aka kwashe mutane aka hau da su tudu. Gidaje sun tafi, amma unguwanni sun hau da sunayensu: Bagalam, Mokoyo, Ƴan Daka, Limanci, Ɗan Gulbi. Babu wanda ya ce tun da an zo sabon wuri a nemo sababbin sunaye. Sai ya jero sarakunan da suka riƙe Katsinar Maraɗi tun bayan da jihadi ya fitar da su daga Birnin Katsina: Ɗan Kasawa, Rauda, Ɗan Mari, Ɗan Baskore, Barmo, Mazawaje, har zuwa Buzu Ɗan Zambadi da muka buɗe ido muka gani a kan gado. A Tibiri ga Mayaƙi, wanda ya kafa garin bayan yaƙin Gawakuke na 1836, kafin shi kuma, can a Alƙalawa, ga Bawa Jan Gwarzo da kansa. Jami'ar garin nan ma sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ne a ƙofarta. Muna rubuta waɗannan sunaye a bango, muna kirari da su ranar hawan salla, gashin jikinmu na tashi, amma da an ce a sa wa jariri sai a ce ƙauyanci ne, ko ma a ce arnanci. Ƙanena ya ce sunan da ya isa a rubuta a ƙofar jami'a ya isa a rubuta a takardar haihuwa.

Baba bai ɗauki zancen da zafi ba da farko. Ɗan kasuwa ne, yana cikin waɗanda suka karɓi wa'azin Izala tun da ya tsallako daga Najeriya a shekarun 1980, kuma shi ya rage kiɗa da ɓarnar kuɗi a sunayen gidanmu, ko da yake maroƙi da guɗa sun gagare shi har yau. Ya sa aka kira ƙanena bayan sallar isha'i, ya ce:

"Kai yaro, ubana ne fa. Kana tsammanin ka fi ni son shi? Ni na yi mishi wanka, ni na sa shi kabari. Amma suna linzami ne. Abin da za a riƙa kiran yaro da shi safe da marece har ya tsufa, addu'a ce. Wace addu'a ce a cikin Bawa?"

Ya kawo abin da kowane almajiri ya sani, cewa ya tabbata a Sahihu Muslim sunayen da Allah ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauya wa mutane sunaye: Barra ta koma Zainab, ɗiyar Sayyidina Umar ta koma Jamila. Ya fi daɗewa a kan labarin kakan Sa'idu ɗan Musayyib da ke cikin Buhari. Sunan mutumin Haznu, wato gargada ko tauri, Annabi ya so ya mayar da shi Sahlu, mai sauƙi, shi kuwa ya ƙi, don ba ya son ya sauya sunan da ubansa ya raɗa masa. Jikansa Sa'idu, babban malamin Madina, ya ce taurin nan bai bar gidansu ba tun daga ranar. Baba ya ce ga wanda ya riƙe sunan gado don ƙaunar uba, ga kuma abin da ya bar wa jikoki.

Ƙanena ya amsa kansa na ƙasa, kamar yadda ya kamata ɗa ya yi, amma bai ja da baya ba. Ya ce duk sunayen da aka sauya ɗin na Larabci ne, ashe ke nan ba harshe ake dubawa ba, ma'ana ake dubawa. Ibrahim, Isma'ila, Isiyaku, Yakuba, Yusufu, malaman nahawu da kansu suna lissafa su cikin sunayen da ba Larabci ba ne asalinsu. Abin da malamai suka haɗu a kan haramcinsa shi ne a ce mutum bawan wani ne ba Allah ba, Bawa kuwa Abdu ne da Hausa, ba ƙari ba ragi, kuma duk baƙon da ba mu san sunansa ba bawan Allah muke ce masa, ba ya jin an zage shi. Ya ƙara da wata da ta sa Baba gyara zama. Ya ce wajen 1788 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tsaya gaban Bawa Jan Gwarzo a filin idi na Magami, ya ƙi karɓar kyautar sarki, ya nemi abubuwa biyar a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki ƴan sarƙa, a sassauta wa talakawa haraji. Sauya sunan sarki ba ya ciki.

A wannan gaɓa ni ina ganin ƙanena ya fi ƙarfin hujja, kuma zan ƙara masa da tawa. Ɗaya daga cikin sunayen da muka fi yawan sawa, wato Abubakar, laƙabi ne, ma'anarsa uban ɗan raƙumi. Sunan Sayyidina Abubakar na ainihi Abdullahi ne, laƙabin ya haɗiye shi. Babu wanda ke sa wa ɗansa Abubakar yana tunanin raƙuma. Mutumin da ya ɗauki sunan ake kallo. Haka Buhari, Tijjani, Badamasi, Sanusi, Gazali, duk jingina ce ga wani gari ko wata zuri'a, malamai suka ɗauke su suka yi musu kwarjini. Sudais ɗin da ke gidanmu ma, limamin Harami da aka yi wa takwara sunansa Abdurrahman, Sudais na danginsu ne, kuma saiwarsa ɗaya da Sadisu da muke rainawa. Sai dai wannan wuƙa baki biyu gare ta. In Buhari da Tijjani sun taɓa zama sababbi har suka tsufa a bakinmu, to Ammar da Affan ma ba abin yi wa dariya ba ne. Kowane zamani da yayinsa. An yi yayin Nasiru, an yi na Saddam a 1991, an yi na Usama bayan 2001, wasu sun zauna, wasu masu su na nan suna fama da su a filin jirgi. Ban yarda da ƙanena ba in ya fara magana kamar duk sabon suna cin amanar kakanni ne.

Da a nan rigimar ta tsaya, da ta zo da sauƙi. Amma ranar kwana biyar Gwaggo ta iso daga Tibiri, ita ce babbar ɗiyar kaka da ta rage, kuma ba ta zo da aya ko hadisi ba. Ko sunan ba ta kama ba, ba ta taɓa kamawa ba a rayuwarta. Ta zaunar da mu ta ce kun san abin da ya sa aka kira mai sunan nan haka? Uwarsa wabi ta yi. Huɗu ta binne kafin shi, babu wanda ya kai yaye. Da aka haife shi sai tsofaffi suka ce kada a nuna ana son sa, a ce bawa ne, ba na gidan ba ne, ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Daga wannan rijiya aka ɗebo Ajuji da Ayashe da Abarshi, da Barmo ma da ake kirari da shi, roƙo ne, a bar mana wannan. Ta dubi ƙanena ta ce:

"Ɗana, ɗan fari ne fa. Wa ya mutu muku? Mi kuke ɓoyo? Wannan suna kuka ne, uwa ta yi shi da hawaye. Kai ka ɗauko shi kana ado da shi."

Mai karatu na yau zai iya cewa camfi ne, kuma camfin ne, mutuwa ba ta tambayar suna. Amma a tuna irin ƙasar da ta haifi camfin. Ko a 1992, ba zamanin kaka ba, binciken lafiya na ƙasa ya nuna cikin yara 1000 da ake haifa a Nijar, 318 ba sa kai shekara biyar. Zuwa 2012 adadin ya sauko 127. Matan da suka rayu cikin wancan lissafi, in sun ji Bawa ba Jan Gwarzo suke tunawa ba, ƙananan kaburbura suke tunawa. Mu da muka karanta sunan a littafin tarihi da su da suka ji shi a ɗakin jego, ba abu ɗaya muke ji ba, kuma ban ga dalilin da zai sa jinmu ya fi nasu daraja ba.

Sannan ta jefo wadda ta fi duka nauyi. Ta ce ai ba shi ne sunansa na yanka ba. Mamman aka raɗa masa, kamar rabin mazan garin. Mu jikoki babu wanda ya taɓa sani.

Wannan ta girgiza ginin ƙanena daga tushe, domin ta nuna abin da yake kira komawa ga al'ada, sabon abu ne. Al'adar da muka gada suna biyu ta tanada. Akwai na yanka, wanda liman ke faɗa ranar da aka zubar da jinin rago, a rana irin wadda aka haihu, tun da a littafin Risala ba a ƙirga ranar haihuwar cikin bakwai ɗin. Akwai kuma na kira, wanda rana ko yanayi ko kunya ko bakin kaka ke haifarwa: Ɗanladi, Ɗanjuma, Balarabe, Tanko da ya biyo mata, Gambo da ya biyo tagwaye, Nomau na lokacin noma, Shekarau da ya daɗe a ciki. Na farko na malamai ne, na biyu na mata ne, kuma kusan kullum na matan ke cin kasuwa. Zakaran da ya fara ɗaukar takobin kokowa na ƙasa a Tawa a 1975, wanda filin kokowar garin nan ke ɗauke da sunansa, Yakuba ne, amma ka shiga kasuwa ka tambayi Yakuba ka gani, sai ka ce Kantu. Narambaɗa Ibrahim ne. Ɗan Maraya Jos Adamu ne. Maitama Sule Yusufu ne. Babu ɗayansu da ya rasa komai don sunansa na yanka ya kwanta a ɗaki. Shi ya sa dangi suka ce ga mafita a hannu: a yanka da Abdullahi, a kira shi Bawa, kowa ya samu.

Kafin in zo ga dalilin da ya sa ƙanena ya ƙi wannan sulhu, akwai mutanen Jiratawa, dangin mai jego. Manoman rani ne, masu zogale da albasa a fadamar Gulbi, ba su da dogon zance. Surukar ƙanena ba ta yi masa magana ba, kunya ba ta bari, ta bakin matata saƙon ya zo. Ta ce kalmar nan ba ta mutu ba a ƙasar nan. Gaskiya ta faɗa. Sai a 2003 dokar Nijar ta mayar da bauta laifin da ake ɗaure mutum a kansa, a 2008 kuma kotun CEDEAO ta yanke wa gwamnati hukunci a shari'ar Hadizatu Mani, wadda aka sayar tana yarinya. Har gobe akwai gidajen da in an zo neman aure sai an bincika asali a ɓoye. Ta ce ku kuna da littattafanku, shi kuwa filin lakwal zai shiga da sunan, kuma yara ba su san Jan Gwarzo ba, bawan wa za su ce masa, su yi ta dariya. Abin mamaki, tambayar liman ce ta riga shi yi da kwana biyu.

Ita mai jegon fa? Babu wanda ya tambaye ta tun farko, har da mijinta, kuma a nan ne na fi ganin laifinsa. Da aka matsa mata sai ta ce duk wanda aka sa daidai ne. Daga baya ta gaya wa matata cewa ba sunan ya dame ta ba, abin da ya ƙona mata rai shi ne a bakin masu dafa mata ruwan wanka ta fara jin sa. Alhali Alƙur'ani ya ba mu labarin matar Imrana, ita ta raɗa wa ɗiyarta Maryamu da bakinta.

Masu goyon bayan ƙanena suna da amsa guda da suke ganin ta rufe zance: suna haƙƙin uba ne. Haka ne, Ibnul Ƙayyim ya faɗi haka a Tuhfatul Maududi, cewa in uba da uwa suka saɓa, maganar uba ake bi, tun da da sunansa za a danganta ɗan. Ba na jayayya da wannan. Amma ragon da aka yanka Baba ya saye shi. Turamen zane da sabulu da kuɗin biki da suka cika ɗakin mai jego, bashi ne da matan dangi suka daɗe suna zubawa a gidajen wasu, ranar ta zo aka mayar musu. In yau ƙanena ya faɗi, Allah ya kiyaye, waɗannan da ya ƙi jin tasu su ne za su riƙe yaron. Ɗa na kowa ne a Maraɗi ba don daɗin baki ba, don kowa na biyan kuɗinsa. Wanda ya karɓi rago ya karɓi shawara tare da shi. Ƙanena ya yi wata tara da sunan a cikinsa bai gaya wa kowa ba, ya yi wa yaro huɗuba shi kaɗai, sai ranar kwana huɗu ya sanar. Ba a fafa gora ranar tafiya. Da ya hau babur ya je Tibiri tun ciki na wata biyar, ya durƙusa gaban Gwaggo ya ce ina son in tayar da sunan tsohonku, ina kyautata zaton da kuka za ta yi ta sa masa albarka. Abin da aka nemi izininka a kai da abin da aka sanar da kai, ko iri ɗaya ne, ɗanɗanonsu daban.

Rigimar ma ta girmi garin nan. Kiristocinmu na Maraɗi da Tibiri suna karanta a Linjilar Luka yadda dangi suka taru za su sa wa jariri sunan ubansa Zakariya, uwar ta ce a'a, Yahaya za a sa, suka ce ai babu mai wannan suna a danginku, sai da uban ya rubuta a allo. Mu ma a Suratu Maryam an gaya mana ba a taɓa yin mai sunan Yahaya ba kafin shi. Dangi dai tun fil azal ba su son a fita layi.

To me ya hana ƙanena karɓar suna biyu? Takarda. Ya ce tsarin da Gwaggo ke magana a kai ya yi aiki ne lokacin da baki shi ne rajista. Kaka ya rayu ya mutu yana Bawa domin babu wata takarda da ta taɓa ce masa Mamman. Yau kuwa tun daga asibiti ake rubutawa, daga nan takardar haihuwa, rajistar aji, jarrabawa, katin ɗan ƙasa, layin waya. Yaro na shiga makaranta sunan takarda ke hawa kansa, abokai su ɗauka, na gida ya tsaya a bakin zaure, in kakar da ta raɗa shi ta rasu ya bi ta. Na duba gidanmu na ga haka ne. Ƴaƴana uku duk Inna ta yi musu sunan kira, babu wanda ya tsallake aji uku da nasa. Kuma a tsarin takardunmu na Nijar sunan mutum shi ne zai bi bayan sunan ƴaƴansa. Wanda aka rubuta shi zai kai jikoki, wanda ba a rubuta ba ya ƙare a tsakar gida. Saboda haka a ce a yanka da Abdullahi a kira shi Bawa, a zamanin nan, binne sunan ne cikin ladabi.

Wannan hujja ban sami mai karya ta ba, kuma ita ta sa na karkata. Tsoron mutanen Jiratawa na gaskiya ne, amma ofisoshin ƙasar nan cike suke da likitoci da hafsoshi da malaman jami'a da ke ɗauke da Bawa a gurbin sunan uba, an rubuta shi Baoua da rubutun Faransanci, ban ji wanda aka hana kujera ko mata saboda shi ba. Tsokanar yara kuwa babu sunan da ya tsira, an tsokani Isiyaku, an tsokani Ɗayyabu, ana tsokanar Sultan ɗin da ubansa ke tuƙa kabu-kabu. Maganar Gwaggo ita ce ta fi tsaya mini a rai, sai dai ina ganin suna na sauya kaya in ya daɗe a kan mutum. Ranar da aka raɗa wa kaka, Bawa na nufin kada mutuwa ta gan shi. Bayan ya yi shekara tamanin yana ciyar da gida, ya aurar, ya yi wa unguwa sulhu, sunan ya koma nufin shi kansa. Jaririn ba don a ɓoye shi aka kira shi Bawa ba, takwara aka yi. Camfin ya ƙare aikinsa tun ranar da kaka ya rayu.

Ba kuma cewa nake duk tsohon suna a tono shi ba. Ajuji da Ayashe su huta inda suke, babu mai gyara musu ma'ana. Tanko da Gambo da Ɗanjuma labari suke bayarwa, in labarin ba gaskiya ba ne sun zama rigar aro. Amma wanda ma'anarsa ba ta saɓa wa addini ba, kuma akwai mutumin kirki a bayansa da ake son tunawa, ban ga hujjar da za ta hana shi hawa takarda ba, ban ma ga wadda za ta hana a yanka rago da shi ba. Liman ɗinmu dattijo ne, na san gudun fitina ya yi, kuma ba ƙarya ya yi ba, fassara ya yi. Duk da haka amana aka raɗa masa a kunne. In yana da ja, kamata ya yi ya ja uban gefe kafin a zauna.

Bayan kwana uku da suna ƙanena ya je ya yi wa yaro takardar haihuwa, ya sa aka rubuta Bawa. Ya dawo ya nuna wa Baba da hannu biyu. Baba ya karanta, ya ninke, ya miƙa masa, ya yi wata guda ba ya amsa masa gaisuwa sai da kai.

Ga yadda abin yake yau. A takarda Bawa ne. A bakin liman da mutanen masallaci Abdullahi ne. Uwarsa ba ta kiran ko ɗaya, ɗan fari ne, "wannan yaron" take cewa. Inna ba ta iya kama sunan surukinta, Maigida take ce masa, tana yi masa tsiyar bai kawo cefane ba. Mutanen Jiratawa Audu suke kira. Gwaggo ta aiko masa da ɗan akuya daga Tibiri, ta ce a kai wa mai sunan tsoho. Baba kuwa, tun ranar da yaron ya fara rarrafe ya kama masa gefen riga, Babana yake ce masa. Mahaifin Baba dai ba Abdullahi ba ne.